Zuri'ar Kati ta Tumbutu da Neman Salsalarta a Gefen Littattafai

A ƙasashen Sudan ta yamma hanyoyi biyu ne aka fi sani na adana nasaba. Ta farko ita ce ta baka, wadda ke hannun maroƙa da makaɗan fada da tsofaffin gida. Ta biyu kuwa ita ce ta alƙalami, wadda ke hannun malamai. Malamin dā bai cika keɓe littafi sukutum domin salsalar gidansu ba, gama takarda tana da tsada, daga ƙetaren hamada ake ɗauko ta bisa raƙuma. Abin da ya saba yi shi ne ya nemi ɗan fili a gefen wani littafi na fiƙihu ko na hadisi, ko a bayan shafin ƙarshe, ya rubuta cewa ran kaza aka haifa masa ɗa, ran kaza mahaifinsa ya rasu, littafin nan daga hannun wane ya saye shi, kuɗinsa kaza, shaidu su wane da wane. Irin wannan rubutu na gefe shi ake kira hashiya. Idan aka raba gado, littattafai sukan watsu tsakanin magada, labarin gidan ma ya watsu tare da su, har ya zamana kowane reshe yana riƙe da guntu, ba mai riƙe da duka.

A zamanin nan, ba a samu zuri'ar da ta yi ƙoƙarin sake tattara irin waɗannan guntaye, ta kuma fitar da su duniya ta gani, kamar zuri'ar Kati ta Tumbutu a ƙasar Mali ba. Aikin nata ya cancanci nazari saboda girmansa, da kuma saboda gardamar da ya tayar, wadda ta taɓa ɗaya daga cikin manyan littattafan da ake dogara da su wajen koyar da tarihin daular Songai.

Tun kafin wannan aiki, masana sun san sunan Alfa Mahmudu Kati. Abdurrahman as-Sa'adi, mawallafin Tarikh as-Sudan, ya ambaci rasuwarsa a farkon Muharram na shekara ta 1002 ta hijira, wato 1593, shekara biyu bayan sojojin Maroko sun karya Songai a Tondibi. Shi ne kuma aka jingina wa littafin da ake kira Tarikh al-Fattash. Baturen Faransa Félix Dubois, wanda ya ziyarci Tumbutu jim kaɗan bayan Faransawa sun shige ta, ya ji labarin littafin amma bai samu cikakkensa ba. Sai a 1911 Bonnel de Mézières ya samo wani kofe a birnin, sa'an nan a 1913 Octave Houdas da mijin ƴarsa Maurice Delafosse suka buga nassin Larabci tare da fassarar Faransanci a Paris. Sun gina bugun nasu a kan kofe uku, waɗanda suka sa wa alamar A da B da C. Za a sake komowa kan wannan kofe na C, domin a cikinsa ƙullin yake.

Tattarawa

Bisa ga abin da zuri'ar take faɗi, littattafan kakanninta sun zauna wuri ɗaya tsawon ƙarnuka, har zuwa ƙarni na 19, lokacin daular Fulani ta Masina, sa'ad da aka rarraba su tsakanin rassan dangi domin tsoron kada a ƙwace su. Daga nan suka shige ƙauyukan da ke bakin kogin Kwara a yammacin Tumbutu, musamman Kirshamba ta yankin Dire, cikin akwatuna da ɗakunan ƙasa, a hannun manoma waɗanda da yawansu ba su karanta Larabci. Wanda ya jagoranci sake tara su shi ne marubucin nan Isma'ila Jaje Haidara, wanda aka haifa a 1957, yana mai cewa mahaifinsa ne ya fara neman, shi kuma ya ɗora. A cikin shekarun 1990 ya bi dangi gida gida yana roƙonsu su fito da abin da ke hannunsu, a haɗa shi a taska guda da sunan zuri'a duka.

Duk wanda ya san yadda ake riƙon littafin gado a karkara ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Littafin kaka ba kaya ba ne kamar sauran kaya: albarka ce, kariya ce ta gida, wani lokaci ma shaidar gona ce ko ta bashi. Mai shi yana gudun idan ya fita ba zai komo ba, kuma tarihin zamanin mulkin mallaka ya ba shi dalilin gudun haka. Abin da ya taimaka shi ne lokacin ya zo daidai da farkawar gidajen malamai na Tumbutu. Cibiyar Ahmad Baba ta gwamnati, wadda ta soma aiki a 1973, ta riga ta shekara ashirin tana saye da karɓar littattafai. A 1996 wasu gidaje suka kafa ƙungiyar SAVAMA-DCI domin su riƙa kula da nasu da kansu. A 2000 aka buɗe taskar Mamma Haidara. Zuri'ar Kati ta bi wannan sahu, sai dai ta bambanta da sauran ta fuska ɗaya. Sauran gidaje suna alfahari da abin da ke tsakiyar shafi, wato ilimin da ke cikin littattafan. Ita kuwa alfaharinta yana gefen shafi.

A 1999 aka nuna wa John Hunwick, masanin tarihin Songai, tarin da aka haɗa, wanda a lokacin aka ƙiyasta kimanin rubuce-rubuce 3,000. Labari ya bazu nan da nan, musamman a ƙasar Ispaniya. A 2000 wasu manyan marubuta, cikinsu har da mawaƙi José Ángel Valente da José Saramago na Fotugal, suka sa hannu a takardar kira a ceci taskar. Hukumar jihar Andalusiya ta ba da kuɗin gini, aka buɗe ɗakin littattafan a Tumbutu a 2003, ana kiran tarin da sunan Ispaniyanci, Fondo Kati. A wannan shekarar ce kuma Haidara ya buga tarihin zuri'ar da harshen Ispaniya a littafinsa Los últimos visigodos, ma'ana Gotawan ƙarshe. Daga bisani adadin da masu taskar ke bayarwa ya haura 12,000. Ba lalle ne tazarar da ke tsakanin alkaluman biyu ta zama abin mamaki ba, tun da yake a Tumbutu akan ƙidaya wasiƙa mai shafi ɗaya a matsayin rubutu guda, daidai da littafi mai shafi ɗari biyar.

Hashiyar shekara ta 873

Me ya haɗa ƙauyen Kirshamba da Ispaniya? Amsar tana cikin ƴan layuka da aka samu a wani kofe na Ash-Shifa na Alƙali Iyal, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa cikin watan azumi. Hunwick ya buga fassarar hashiyar a 2001. Mai rubutun ya kira kansa Ali bin Ziyad al-Ƙuɗi. Ya ce ya sayi littafin a Tuwat da miskali 45 na zinariya, wato abin da ya kusa giram 190, wata biyu bayan isowarsu daga garinsu Toledo, kuma suna kan hanyarsu ta zuwa ƙasar baƙaƙe suna fatan samun natsuwa a can. Kwanan watan shi ne Muharram 873, wanda ya yi daidai da tsakiyar 1468.

Kalmar al-Ƙuɗi tana nufin Bagote, wato jinin Gotawa, mutanen da suka mulki Ispaniya daga Toledo kafin shigar Musulmi a 711. Nisba ce sananniya a Andalus: masanin tarihin nan na Kurɗuba, Ibn al-Ƙuɗiyya, wanda ya rasu a 977, ya samo sunansa daga kakarsa Sara, jikar sarkin Gotawa Witiza. Toledo ta koma hannun Kirista tun 1085, amma wasu Musulmi sun ci gaba da zama cikinta a ƙarƙashin sarakunan Kastila, saboda haka ba abin da ya hana a sami Musulmin Toledo a ƙarni na 15. An kuma san cewa a watan Yuli na 1467 an yi tarzoma da gobara mai tsanani a birnin, ko da yake rikicin tsakanin tsofaffin Kirista ne da Yahudawan da suka karɓi Kiristanci. Zuri'ar tana ɗaukar wannan tarzoma a matsayin sanadin hijirar kakanta.

Sauran labarin an haɗa shi ne daga wasu hashiyoyin. Ali bin Ziyad, in ji su, ya isa Gumbu a ƙasar Soninke, ya auri Hadiza, ƴar'uwar wanda zai zama Askiya Muhammadu a 1493, suka haifi Mahmudu Kati. Daga Mahmudu aka jero sunaye har zuwa waɗanda ke raye. Idan haka ne, to a jikin mutum ɗaya jinin sarakunan Toledo ya gamu da na sarakunan Gawo.

Inda lissafi ya ƙi

Abu na farko da mai nazari zai yi da kowace salsala shi ne ya auna ta da shekaru. Tarikh al-Fattash, a bugun 1913, ya nuna Mahmudu Kati yana da shekara 25 lokacin da Askiya Muhammadu ya hau, kuma yana cikin waɗanda suka raka shi hajji a 1496. Wannan ya sa haihuwarsa ta faɗa a 1468. Mutumin da aka haifa a 1468 ya rasu a 1593 ya yi shekara 125 ke nan a duniya. Bayan wannan, littafin da kansa ya ba da labarin yadda Mahmudu ya je wurin Askiya Dawuda, wanda ya hau a 1549, yana neman taimakon aurar da ƴaƴansa, da kuma miskali 80 na sayen kofen ƙamus. Wannan hali ne na magidanci mai ƙarfinsa, ba na tsohon da ya haura tamanin ba.

Hashiyar Tuwat ba ta warware wannan ba, ƙara masa wani ƙulli ta yi. Idan Ali bin Ziyad yana tsakiyar hamada a 1468, bai kai Gumbu ba balle ya yi aure, to ba zai yiwu a haifa masa Mahmudu a shekarar ba. Idan kuma aka ce bayan ƴan shekaru aka haife shi, har yanzu wanda ya rasu a 1593 ya haura shekara 110. Mafita mafi sauƙi ita ce a ce akwai mutum ɗaya aƙalla da ya faɗi tsakanin Ali da Mahmudu. Faɗuwar suna a tsakiyar salsala abu ne da aka saba gani ko'ina: kalmar bin ta Larabci, kamar ɗan a Hausa, takan tsallake uba ta kama kaka idan kakan ya fi shahara, kuma maimaita suna ɗaya a gida, jika ya ci sunan kaka, yakan sa mutum biyu su narke su zama ɗaya a bakin masu ba da labari. Ita kanta zuri'ar ta lissafa Mahmudu Kati fiye da ɗaya a jerinta.

Abu na biyu shi ne sunan. Nan ne ilimin harshe yake da abin faɗi. Ƙuɗi ana rubuta ta da ƙaf, da wawu, da ɗa, harafin da almajiran ƙasar Hausa ke kira ɗa mai hannu. Kati kuwa, a cikin tarihohin Tumbutu, da kaf ake rubuta ta, da ain, da ta: Ka'at. Haruffan asali uku, ba ko ɗaya da ya dace da takwaransa. Biyu daga cikin sauye-sauyen suna da bayani a furuci, domin harshen Songai ba shi da ƙaf ko ɗa na Larabci, yakan mayar da su k da t. Alƙali, misali, alkaali ne a bakin mutanen Tumbutu. Amma wannan bayani na baki ne. Malamin da ya san Larabci, ya kuma san kakansa Bagote ne, ba shi da dalilin sauya haruffan nisbarsa a rubuce, balle ya cusa ain inda ba ta. Wasalin u mai tsawo da ya koma a shi ma yana bukatar hujja.

Akwai kuma abin lura a cikin cikakken sunan kamar yadda littafin ya kawo shi: Mahmudu Ka'at bin al-Hajj al-Mutawakkil Ka'at, al-Kurmini, al-Wa'akuri. Kurmina ita ce lardin yamma na Songai, mai hedkwata a Tindirma. Wa'akuri kuwa daga Wakore take, sunan da Songai ke kiran Soninke da shi. A nan ma ga ain a cikin kalmar da ba ta Larabci ba, abin da ke nuna cewa marubutan Tumbutu sukan yi amfani da wannan harafi wajen rubuta sunayen ƙasa. Mafi kusa ke nan a ɗauki Ka'at a matsayin sunan dangi na Sudan da aka rubuta da haruffan Larabci. Uban kuma an kira shi al-Mutawakkil, ba Ali ba. Masu goyon bayan salsalar suna amsawa da cewa al-Mutawakkil laƙabi ne na Ali bin Ziyad, nisbar Wa'akuri kuma ta wajen uwa ce. Amsar tana iya yiwuwa, sai dai nisba ta wajen uwa ba ita ce al'adar da ta fi yawa a rubutun malamai ba, kuma mutumin da ke da nisbar Andalus da wuya a jero nisbobinsa a bar ta.

Abu na uku ya fi sauran nauyi, domin ya shafi littafin da sunan Kati ya shahara da shi. Tun a 1971 Nehemia Levtzion ya nuna cewa ainihin tarihin rubutun ƙarni na 17 ne, na wani jikan Mahmudu Kati ta wajen uwa da aka sani da Ibn al-Mukhtar, wanda ya yi amfani da takardun kakansa da bayanan kawunnansa, kuma sassan da ke cikin kofen C kaɗai ƙari ne na ƙarni na 19. A 2020 Mauro Nobili ya faɗaɗa wannan bincike, ya nuna cewa littattafai biyu ne Houdas da Delafosse suka gwama: na Ibn al-Mukhtar, da wani wanda Nuhu bin Ɗahir, babban malamin fadar Hamdallahi, ya sake wa fasali. A cikin sassan da aka ƙara ne ake samun labarin cewa as-Suyuɗi, malamin Masar, ya shaida wa Askiya Muhammadu cewa shi ne halifa na goma sha ɗaya, na goma sha biyu kuma zai bayyana a Masina, sunansa Ahmadu. Ahmadun da ake nufi shi ne Shehu Ahmadu Lobbo, wanda ya kafa daular a 1818 ya rasu a 1845. Domin annabcin ya sami shaidar gani da ido, dole ne a sa mawallafin cikin ayarin hajjin 1496. Daga nan shekaru 125 ɗin suka fito. Nuhu ya bazu da wannan da'awa cikin wasiƙa zuwa ƙasashe, ta kai har Sakkwato, inda Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya mayar da amsa bai karɓe ta ba. Ashe tun a wancan zamani an sami masu tuhumar nassin, shekaru da yawa kafin Turawa su gan shi.

Wannan bincike yana da fuska biyu ga zuri'ar. Ya tabbatar da cewa Mahmudu Kati mutum ne na haƙiƙa, malami mai kusanci da fadar Askiya, mai ƴaƴa da jikoki masu riƙon alƙalami, mai son littafi har ya nemi sarki ya saya masa ƙamus. Amma ya cire shi daga zamanin Askiya Muhammadu na farko ya mayar da shi tsakiyar ƙarni na 16. Saboda haka duk hashiyar da ta nuna shi babba a zamanin hajjin Askiya sai a tambaye ta: daga ina ta sami wannan, in ba daga nassin ƙarni na 19 ba?

Matsalar hashiya ita ce ba ta da shekarun littafin da take ciki. Takardar ana iya gane zamaninta ta tambarin da ke cikinta idan aka ɗaga ta ga haske, kamar takardar nan ta Italiya mai wata uku da ta cika kasuwannin Sudan. Amma tambarin yana faɗin lokacin da rubutu ba zai riga ba ne kawai. Gefen shafi yana iya zama fari shekara ɗari uku kafin wani ya sa masa tawada, kuma wanda ya sa ɗin ba lalle ne maƙaryaci ba: jika yakan kwafe maganar kakansa daga takardar da gara ta ci, ya bar ta da lafazin kakan da kwanan watansa, ko ya rubuta abin da ya ji a gida da yaƙinin gaskiya ne. Albrecht Hofheinz, wanda ya buga bayanin farko kan taskar a 2004, ya ɗauki aikinsa a matsayin share fage. Susana Molins Lliteras kuwa, a kundin digirinta na dokta na jami'ar Cape Town a 2015, ta nuna shakku mai ƙarfi game da zamanin hashiyoyin da kuma hannun da ya rubuta su, tana mai cewa ita kanta hanyar da aka gina taskar abin nazarin tarihi ce. Abin da zai raba gardama shi ne a buga hoton kowace hashiya a gefen nassinta na Larabci, a gwada hannu da hannu, a auna tawada, a kuma duba salon harshen: ko Larabcin mutumin Toledo na ƙarni na 15 ne, ko na malamin bakin Kwara na baya.

Neman kaka daga nesa ba baƙon abu ba ne a Sudan. Sarakunan Hausa sun kai asalinsu Bagadaza ta hanyar Bayajida, Sefawa na Barno sun kai nasu Yemen ta Saifu bin Zi Yazan, Tarikh as-Sudan ya fito da sarakunan Songai na farko daga Yemen, Toronkawa kuma sun danganta kansu da Uƙba. Dukansu gabas suka fuskanta, inda daraja take a zamaninsu. Salsalar Kati ta fuskanci arewa, zuwa Turai, ta kuma fito fili a lokacin da Andalusiya ke neman dangantaka da tarihinta na Musulunci. Wannan bai isa ya ƙaryata ta ba, domin Andalusawa sun zo Sudan da gaske: as-Sahili, mawaƙin Garnaɗa wanda ya biyo Mansa Musa, a Tumbutu ya rasu a 1346, Judar Pasha da ya jagoranci sojojin 1591 ɗan Ispaniya ne. Sai dai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa labarin ya sami karɓuwa da kuɗin gini tun kafin a gama tantance shi, da kuma dalilin da ya sa aka buga shi da Ispaniyanci, harshen da dangin Kirshamba, masu littattafan, ba sa ji.

A watan Afrilu na 2012 ƴan tawaye suka kama Tumbutu. Haidara ya fice zuwa Ispaniya, aka kwashe littattafan daga ginin 2003 aka ɓoye su a wurare daban-daban, wato tarin da aka shekara goma ana haɗawa ya sake rarrabuwa. A watan Janairu na 2013, kafin masu riƙe da birnin su janye, sun ƙone ko sun yi awon gaba da rubuce-rubuce kimanin 4,200 a sabon ginin cibiyar Ahmad Baba. Wutar ba ta taɓa littattafan zuri'ar Kati ba, gama ba su cikin wannan gini.